Sanyi a Ɗakin Guga

Shekara tara Inna tana guga a shagon wanki, amma sai bana ta fara jin sanyi. Tururi na tashi, abokan aikinta na sharce gumi, ita kuwa tana ƙudundune cikin rigar sanyi. Takan shimfiɗa farin zanen gado a tebur, ta tsaya tana kallonsa kamar ruwa ne mai tafiya a hankali, har sai mai shagon ya ce, "Inna, an yi nisa ke nan? A gaida mutanen can."

Ni ce 'yarta ta fari. Da na ga gashinta na zubewa, muryarta ta yi kauri, sai na kai ta asibiti aka ɗebi jini. Bayan kwana uku muka koma karɓar sakamako.

A bencin jira ta duba takardar. Lamba ɗaya ta haura, ɗaya ta sauka.

"Ko ba komai na ci ɗaya," in ji ta, tana hamma.

Likitar ta yi murmushi da na gaya mata. "Mama, a gaban wuyanki akwai wani ɗan nama, shi ke ba jiki ɗumi da kuzari. Wannan awon da ya hau, TSH, kiran da ƙwaƙwalwa take yi masa ne. Tana ta ɗaga murya don ba ya amsawa sosai. Wanda ya sauka, T4, shi ne abin da naman yake bayarwa, ya yi kaɗan."

Inna ta shafa wuyanta, ta daɗe tana kallon labulen taga yana motsi.

"Ashe ba lalaci ba ne," ta ce. "Wata bakwai ina zagin kaina a zuci."

Aka rubuta mata ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin ta ci komai, a sake awo bayan mako shida.

A motar haya ta yi barci a kafaɗata, hasken rana na ratsa bishiyoyi yana wasa a fuskarta. Muka wuce inda za mu sauka, ban tashe ta ba.

A mako na biyar, ƙarar tukwane ce ta tashe ni. Na sami Inna tsaye a kicin, hannu a ƙugu.

"Wa ya mayar min da gishiri can sama?"