Jan Layin Lorna

Muna daf da hawa gadar, sai Lorna ta dafe mini hannu a kan sitiyari.

"Tsaya, Wendell. Sauka ka duba mini layin."

Maƙwabciyata ce, tsohuwar injiniyar gadoji, ga taurin kai kamar me. Da safen nan girgizar ƙasa ta jijjiga garinmu, ta zubar da kwanuka, na sami Lorna a ƙasa a kicin ɗinta dafe da ƙirji. Asibiti kuwa yana ƙetaren kogi, gadar nan ce kaɗai hanya.

Layin nata duk gari an san shi. Kowace bazara sai ta zo da gwangwanin jan fenti ta ja shi a mahaɗar gada da titi, muna tsokanarta wai ritaya ta ƙi karɓarta. Takan ce gada ba karyewa take fara yi ba, zamewa take yi daga mazauninta, kamar tukunya a kan murhu.

Na duba. Layin ya rabu biyu, gociyar ta kai faɗin tafin hannu. Na gaya mata, na ce amma motata ba ta da nauyi, a guje zan wuce.

"Kai ka wuce. Na bayanka fa? Suna ganin ka haye za su biyo. Gitta motar nan ka tare hanya."

Na yi magiya, na yi faɗa. Ta ce in rage mata ihu, tuƙina ma ya ishe ta azaba. Na gitta motar. Ta karɓi wayata ta kira asibiti da kanta, ta ce kada motarsu ta kuskura ta hau, su nemi kwalekwale.

Motoci suka taru a bayanmu ana ta hon. Wani ya taho zai zage ni, ya leƙa ya ga fuskarta, ya koma ya kashe injinsa. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Lorna ba, ban kuma taɓa ganin girman wani kamar nata a ranar ba.

Kafin kwalekwalen ya iso ta cika, kanta jingine da gilashi.

Can da rana, motata tana nan tare da hanyar, ƙasa ta sake motsawa, bakin gadar ya sulale cikin kogi, babu kowa a kai. A bayana motar makaranta ce tsaye, wadda ta ɗebo yara za ta mayar da su gida. Direbar tana ɓare musu lemo.