An Shafa Fatiha Tana Dubai

…wai ta janye. Ita Murjanatu ce ta janye? Yaushe? Da wane bakin?

Tana tsaye a cikin wani sito a unguwar Al Qusais ta Dubai, zufa na bin bayanta, ga bencinan ɗalibai an jibge har rufi, ga waya a kunne. Karo na nawa ke nan tana sauraron saƙon nan? Muryar Malam Mijinyawa ce, a sanyaye kamar mai gaisuwar mutuwa. Dattawan ƙungiya sun zauna jiya, an yi maslaha. Shi da ta bari wakili ya miƙe ya ce Malama ta haƙura da takara, ta bar wa jama'a zaɓi. Jama'ar kuwa, Allah sarki, suka duba hagu suka duba dama, ba su ga kowa ba sai shi. An shafa fatiha.

An shafa fatiha! Maganar da dattawa suka ɗaga hannu a kanta ba a sake tono ta. Wanda ya tona shi ne marar kunya, ko da gaskiyarsa a hannu.

Shugabancin ƙungiyar shugabannin makarantun gwamnati na jiha guda — kujerar da in mai ita ya yi magana kwamishina yake ajiye shayinsa ya saurara. Shekara biyu tana binta ƙauye-ƙauye… ajin nan da iska ta yaye wa kwano… yara tamanin a ƙasa, littafi a kan gwiwa, wata yarinya tana rubutu a bayan ƙawarta… Wa ke tuƙa ta a duk tafiyar nan? Shi. Wa ke riƙe mata jaka? Shi dai. Rana ɗaya aka ɗauke su aikin koyarwa, kwalin alli ɗaya suke rabawa. "Yaya" yake ce mata. Yaya!

A bakin filin jirgi ma — a kan murfin mota ta rubuta masa takardar wakilcin, da birorsa. "Ko da wani abu zai taso, Yaya." Har addu'a ta yi masa. Kai, Murjanatu, da furfurarki!

"Hajiya, yalla, yi sauri, kwantena na jira," in ji Zailani, ɗan Kanon da ke lodin kaya a siton. "Sa hannu kawai a takardar fitar da kaya, khalas, shi ke nan."

To ta kira wa? Baba Sanda, shugaban dattawan, wanda ya koya mata karatu a aji uku? Ta ce masa, Baba, fatihar da ka ja a kan ƙarya ka ja ta? Harshenta ma ba zai ɗauka ba. Mijinyawa kuwa ya san ba zai ɗauka ba, ai nan ne ciwon yake. Ya san ta ciki da bai. Jibi za a kaɗa ƙuri'a, sunan mutum ɗaya ne a takarda.

Da ma ba ta zo ba… Amma yaya za ta ƙi? Wata makaranta a nan ta sake kujeru, ta ba da tsofaffin kyauta, aka ce sai ta zo da kanta cikin makon nan ko a ba wasu.

"Me ya sa suka matsa sai wannan makon?" ta tambaya, ba don tana son amsa ba.

Zailani ya yi dariya. "Su wa? Hajiya, wata uku kayan nan suna nan. Ni cewa na yi a turo takarda ta waya ma ya isa, wallahi. Malam Mijinyawa ne ya ce a'a, sai kin zo da ƙafarki, shi ya tsayar da ranar."

Wata uku. Wata uku da suka wuce yana falonta yana cin tuwo, yana neman ƙarin miya…

Zuciyarta tafasa take, kuka take so ta yi, a gaban mutane kuma ba hali. Bencinan dai na gaske ne, yaran ma na gaske ne. In ta ƙi sa hannu, a ƙasa za su ci gaba da zama. In ta sa, Mijinyawa ne zai raba su makaranta-makaranta, da babbar riga, ana tafa masa.

Zailani yana miƙo mata biro. Ta jawo benci ɗaya, ɗan ƙarami, na 'yan aji ɗaya, ta zauna. Bai sauke hannunsa ba, ita kuma ba ta ɗaga nata ba.