Sakatar Zuciyar Matar Mai Walda

Mai walda mutum ne da ko raɗa ya yi sai maƙwabta sun ji. Amma ranar da likita ta zaunar da shi kan ciwon matarsa, wadda ke yanke jiki ta faɗi haka kawai, bakinsa mutuwa ya yi.

"Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana da 'yan ƙofofi," in ji likitar. "Ta nan sinadarin kalsiyam ke wucewa, zuciya ta buga. Akwai wani furotin da ake kira kinas, shi ne mai gadi. In mutum ya firgita, sai ya wangale ƙofofin don bugun ya ƙara ƙarfi. Na matarka sakatarsu ta yi sako-sako. In an wangale ba sa rufuwa daidai, sai bugun ya rikice."

"To ba a yi musu walda, likita?"

Ba ta yi dariya ba. "Ga magani. Amma kada a bari ta firgita."

Tsoro ya shige shi har ɓargo. Da yake shi mai gyara ne, sai ya hau gyaran gida. Ya cire ƙararrawar ƙofa, ya ɗiga wa ƙyaure mai, ya liƙa roba a ƙafafun kujeru. Takalminsa ma a waje yake tuɓewa, ya shigo yana sanɗa kamar ɓarawo a gidan kansa. In suna zaune, idonsa na kan jijiyar wuyanta.

"Baban yara, ni fa ban mutu ba," ta ce masa. "Wannan shirun naka ya ishe ni."

Ya ɗauka ƙarfin hali ne kawai. Bawan Allah bai lura ba cewa tun aurensu da hayaniya take gane isowarsa. Tun daga bakin titi take jin tarinsa da ƙarar makullansa, ta san ya dawo.

Wata rana da yamma wuta ta ɗauke a wurin aiki, ya dawo da wuri. Tana kicin tana wanke-wanke, famfo na zuba, ta ba ƙofa baya. Ya tsaya dab da ita. In ya yi magana, ya san muryarsa za ta firgita ta. Sai ya miƙa hannu a hankali ya dafa kafaɗarta.

Farantin ya tarwatse a ƙasa. Ta juyo ido waje, ta dafe ƙirji, ta sulale. Ya kara kunne a ƙirjinta, bai ji bugu ba sai rawa-rawa. Maƙwabcinsu direba ne ya kwashe su zuwa asibiti, shi kuwa yana ta danna mata ƙirji yana kuka.

Ya daɗe a kan bencin asibiti, ƙafa ba takalmi, kafin likitar ta fito.

"Bugun ya dawo, amma ba ta farka ba tukuna. Ba zan iya yi maka alkawari ba. Me ya firgita ta?"



"Ni ne, likita. Kafaɗarta kawai na taɓa."