Kwaɗon Gidan Ajimi

Kashim ya zura makullin da ya goge wa haƙora cikin kwaɗon, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba. Kwaɗon ya buɗe baki kamar dama jira yake.

"Ka gani, Baba Ajimi? Ba makullinsa ba ne, amma ya buɗe. Ka mayar ka rufe, mai gida ya dawo ya ga kayansa lafiya lau."

Ajimi ya ƙura wa kwaɗon ido. Kwanansa tara ke nan a wannan rumfa ta Bulumkutu yana koyon gyaran makulli a hannun yaron da ɗan cikinsa ma ya girme shi. Manomi ne shi, gatari da fartanya ya sani, sai ga shi da furfura yana riƙe magagari kamar mai riƙe cokali. Yau darasin na sanin halin ɓarayi ne, don a iya gaya wa mai saye wane kwaɗo ne na kirki, wane ne na ado.

Kwaɗon da ke hannun Kashim na tagulla ne, mai zanen zaki. Irinsa sak Ajimi ya datse a ƙofar gidansa da ke bayan Konduga, ranar da suka gudo shekara biyar da suka wuce. Keken ɗinkin matarsa Yagana na ciki, an lulluɓe shi da zane. Bara wani direba da ya bi ayarin sojoji ya ce musu ya ga gidan da idonsa: ƙofa na nan, kwaɗo na rataye, ba a fasa ba. Da wannan magana guda suke ta rayuwa. Yagana har ta fara lissafa wa matan unguwa irin ɗinkin da za ta yi musu in an koma.

"Kowane irin wannan haka yake buɗewa?" in ji Ajimi.

"Wannan ai ado ne, Baba. Ni dai ba zan sa shi ko a akurkin kaji ba." Kashim ya turo masa magagari. "Kawo tsohon makulli wanda ba ya da aiki, ka goge da hannunka ka gani."

Hannun Ajimi ya kai wuyansa, inda makullin gidan ke rataye a igiya cikin riga. Gajiya ta sauko masa, irin wadda ko noman wuni guda bai taɓa sa masa ba.

"Ba ni da shi," ya ce. "Nawa duk suna aiki."

Bayan la'asar ya hau keke napep, aka tsayar da su a shingen bincike sau biyu, ya sauka ya ɗaga riga a ga bai ɓoye komai ba, ya koma. A ɗakin hayarsu ya tarar da Yagana a bakin ƙofa tana ɗinke wa maƙwabciya zane da allura, ta kawo shi daf da ido.

"Wushe, Malam, sannu da dawowa. Yau me aka koya?"

"Kwaɗuna."

"Ka tambaye shi irin namu? Mai zakin nan?"

Ajimi ya cire takalmi ya jera su a gefe, ya daɗe yana gyara musu zama.

"Na tambaya," ya ce. "Ya ce sai da makullinsa."

Ta gyaɗa kai, ta ciji zaren, ta ci gaba da ɗinki.