Ƙarafan da Baba Ya Bari da Kaifi

...kuma ba wanda ya tambaye ni. Abin da ke cina ke nan. Makaɗin nan dai ya shigo shago, ya dire jitarsa a kan teburi, ya ɗaga hannun hagu, yatsu a naɗe da filasta. Ya ce jiya yana tsakiyar wasa a gaban jama'a ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar suka yanke shi, har jini ya ɓata masa riga. Ya ce wane irin gyara ne wannan. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce wa ya yi ba.

Ni na buɗe baki. "Ba ni na yi ba. Baba ne."

A hankali da magagarin nan... daga sama zuwa ƙasa, kada ya ci katako. Ga wani ƙarfen ya leƙo ta gefe, baki kamar reza. Duk haka suke, tun daga kai har gindi. An sa sababbi, an yanke, ba a goge bakin ba. Aikin wanda ya fara koyo jiya. Aikin Baba.

Keken telan da ke jikin shagonmu ya tsaya. Na ji tsayawarsa. Mai gyaran waya ya ɗago kai daga tsallaken hanya, sannan ya yi kamar yana neman wani abu a ƙasa. Baba kuwa yana kan kujerarsa ta bakin ƙofa, tabarau a karan hanci. Da ma ya yi faɗa. Da ma ya harare ni ko sau ɗaya. Sai cewa ya yi, "Gaskiya ne, ni ne. Ka yi haƙuri, ɗana. Za ta gyara maka."

Za ta gyara maka. Bai ce shi zai gyara ba.

Salatif ɗin da na kare jikin jitar da shi ya ɗago, in sake manna shi, kada in karce fentin mutane, abin ya zama biyu... Me ya sa na faɗa? Don ni makaɗin yake kallo. Kullum ni suke kallo. In aiki ya yi kyau, a gaida mai shago. In ya ɓaci, ai da ma, mace da magagari. Shekara da shekaru ina haɗiyewa, yau da na tashi tofarwa sai ya sauka a kan — a kan mutumin da ya tsaya mini. Gwaggo ta taɓa zuwa har nan, tana toshe hanci saboda warin gam, wai 'ya mace a cikin garin katako, wa zai kalle ta. Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Ki bar ta. Hannunta ya fi nawa." A lokacin ƙarya yake yi, don ya rufa mini asiri. Ni da gaskiya na tona nasa.

Rufe ido, bi da yatsa. Haka ya koya mini, ina tsaye a kan akwati don in kai teburi, hannunsa a kan nawa. In kin ji ya kama fatarki ko kaɗan, bai yi ba, koma. Yanzu shi yatsun nasa ba sa jin komai. Ciwon suga, in ji likita. Na gan shi ya ɗauki kofin shayi yana tururi, ya riƙe kamar ruwan sanyi. Na gani. Ranar da ya gama jitar nan ma ina wurin, ya bi gefen da yatsa, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini. Na rataye ta. In bi bayansa in duba? A gabansa? Na ce a raina cin fuska ne. To wannan da na yi yau fa, sunansa me?

Wannan ƙarfen ya yi sumul. Na gaba. Gogewa da sanfefa daga baya... garin ƙarfe duk ya shiga mini farce.

Motsi a bayana. Baba ya tashi. Ƙafarsa na ja a ƙasa, yaushe ya fara jan ƙafa haka? Aljihun teburinsa ya buɗe. Kada ki juya. Me zan ce, Baba ka yafe mini? Ya ce na yi me, ai gaskiya na faɗa, shi ke nan ya gama da ni.

Ya ajiye abu kusa da gwiwar hannuna. Ƙaramin magagarinsa, mai ƙotar da ta yi baƙi don riƙo, wanda ko yayana bai taɓa barinsa ya taɓa ba.

"Yi da wannan. Ya fi shiga lungu." Ya juya zai tafi. "Ki bar shi a wajenki."

Ya koma kujera. Keken tela ya ci gaba. Ƙarafa na nan birjik suna jirana, magagarin ga shi nan, tsawon yatsa tsakaninsa da hannuna, kuma hannun... hannun ya ƙi zuwa.