Ƙugin jitar Hammajoda

Shekara talatin da biyu Malam Inusa yana gyaran rediyo a zangon Sokode, kuma ko na'urar awo bai cika ɗauka ba. Kunne yake kasawa. In aka kawo masa rediyo sai ya kunna, ya karkata kai, ya ce ga inda ciwon yake. Kunnen nan shi ne abincinsa, shi ne sunansa. To, ga shi wata jita da ya haɗa da hannunsa tana nema ta kunyata shi.

Hammajoda ne ya sa shi aikin, wani Bafillace na Dapango da ya bar kiwo ya koma kiɗan biki. Sun saba tun da daɗewa, kuma da yake uban Inusa maƙeri ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar Asabar za a aurar da ƙanwar Hammajoda, yana so ya kaɗa sabuwar jita a gaban dangi.

Inusa ya samo katako daga Camba, ya naɗe maganaɗisu da siririyar wayar tagulla, ya yi mikiro, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai ampili, akwatin ƙara sauti. Ranar da ya jona, sai ga ƙugi, zuuu, kamar an rufe zuma a tulu. Matarsa Salamata tana tuyar ƙosai a ƙofar shagon, ta leƙo.

"Maigida, jita ce ko injin niƙa?"

Inusa ya koma kan jitar. Ya san aikinsa. Ya ja waya daga inda tsirkiyoyi ke ɗaure ya liƙe ta da dalma a bayan maɓallin ƙara, don in hannu ya taɓa, ƙugin ya bi jiki ya tafi. Ya murɗe wayoyin biyu kamar igiya. Ya tara takardar azurfa ta kwalin sigari ya shimfiɗe cikin ramin katakon kaf. Daga baya har ya naɗa mikiro na biyu baibai, ya haɗa su, ɗaya ya cinye ƙugin ɗaya.

"Ai ya mutu," in ji Salamata ranar Laraba.

"Bai mutu ba. Ga shi can ƙasa-ƙasa."

"Ni dai ban ji komai ba."

"Ke da kunnenki ya saba da ƙarar mai a kasko, me za ki ji?"

Ya warware, ya sake liƙewa. Ya kashe doguwar fitilar shagon, ya ce ita ce. Ya kashe fanka. Alhamis ko abincin rana bai ci ba. Juma'a da safe ya naɗe jitar a bargo ya shiga motar Dapango, tun daga Kara har Mango yana shirya yadda zai ce wa Hammajoda ya gaza.

Ya same shi bayan la'asar a tsakar gida, ana kafa rumfa.

"Bawana ya iso! Maƙeri, me ka ƙera wa ubangijinka?"

"Jona ka ji tukuna, ɗan Fulani. Akwai magana."

Hammajoda ya jona, ya buɗe ƙara har ƙarshe, ya ɗaga hannu daga tsirkiya ya saurara. Sannan ya kaɗa. Matan da ke jajjage suka tsaya.

"Wallahi kamar ruwan rijiya! Wace magana kuma?"

"Ƙugin. Ba ka ji ba?"

"Wane ƙugi?"

"Kada ka rufa mini asiri, Hamma. Ga shi nan, zuuu."

Hammajoda ya dube shi, dariyar ta bar fuskarsa. Ya miƙa hannu a hankali ya zare wayar ampilin daga bango. Jar fitilar ta mutu.

"Yanzu fa?"

Inusa ya karkata kai kamar yadda ya saba. Ƙugin na nan, bai ragu ko kaɗan ba. Ya toshe kunnen dama da yatsa, sai ma ya ƙaru.

"Tun yaushe?" in ji Hammajoda, murya ƙasa.

"Ban sani ba. Na ɗauka jitar ce."

"Akwai likitan kunne a Kara."

"Kowa a zango zai ji na je."

"Daga bakina dai ba za su ji ba."

Inusa bai tsaya bikin ba. Litinin da hantsi wani mahauci ya kawo masa rediyo, ya ce tana wata ƙara, da azahar zai dawo. Inusa ya kunna, ya karkata kai. Ya kasa raba wadda ke cikin rediyon da wadda ke cikin kansa. Sannan ya leƙa ƙofa, ya tabbata ba kowa a layin.

"Salamata. Sauke kaskon nan ki zo. Zauna nan, ki faɗa mini abin da kike ji."