Ɗangiwa a Bayan Tagar Aji Ɗaya

A garin Kebbe, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tattara nasu-ya-nasu su bar ƙasa, an yi wani tsoho da ake kira Ɗangiwa. Da can falke ne, ya sha kora jakuna da kanwa da gishiri har Yawuri da gaba da nan. Da ƙarfi ya ƙare sai ya zauna gida yana tufkar igiyar rama, ranar kasuwa ya kai. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Ɗansa guda, Malami, sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara mai zafi. Matar ɗan, Ni'imatu, da ta fita takaba ta yi aure a Tambuwal, amma ta bar masa 'yarsu saboda ya roƙe ta. Gidan da a da ake ɗora babbar tukunya sai ya koma na mutum biyu, tsoho da jikarsa Madina, 'yar shekara bakwai mai giɓi da surutu kamar aku. Atu, matar maƙwabcinsa Na'iya, ita ke miƙo musu tuwo ta kan darni.

Ana nan sai En'e, hukumar gargajiya, ta gina makarantar boko a bakin gari, ɗaki biyu na ƙasa. Yaran mai gari suka shiga gida-gida neman 'yan makaranta. Masu dangi suka tura 'ya'yansu ƙauye, wasu suka ɓoye nasu a rumbu. Ɗangiwa ba shi da inda zai tura, ba shi da mai tsaya masa, sai aka ɗauki Madina.

Ranar farko da ta tafi, ya zauna a tsakar gida da ramarsa, sai ya ji gidan ya yi masa faɗi. Babu mai tambayarsa dalilin da ya sa kaza ba ta fitsari, babu mai ɓoye masa takalmi. Ya yi tufka ya warware, ya sake yi ya warware. Da abin ya ishe shi, bayan 'yan kwanaki, ya naɗe buzunsa ya ɗauki rama ya nufi bakin gari. Akwai wata aduwa a bayan tagar aji ɗaya. Nan ya shimfiɗa, ya ba ginin baya kamar wanda hanya ta biyo da shi.

Daga nan yake jin komai. Da sassafe a buga wani guntun ƙarfe, yara su jeru, malami ya bi su yana duba farce da haƙora da kai. Su yi tsalle-tsalle da miƙe hannuwa, sa'an nan su shiga. Sai ya ji sun ɗauka gaba ɗaya, ba, bi, bo, bu, be, kamar kwaɗin damina. Can a koma lissafi, ya ji ƙarar ƙwallayen tsamiya ana zubawa a kan tabarma, biyu a ƙara uku. In hantsi ya yi, malamin Arabiyya ya shigo a yi Fatiha da farillan alwala, abin da ya fi kwantar masa da hankali ke nan. Wata rana a fito da su fili, malami ya zana ƙasa da toka, ya ce nan Kebbe, nan Fakku, can Tambuwal, ya tsiyaya ruwa daga buta ya ce ga gulbi. Wata rana kuma a kwaɓa yumɓu kowa ya gina abin da ya ga dama. A cikin duk wannan hayaniya Ɗangiwa ba ya kasa tsinto muryar Madina, don ita ke fara amsawa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

In an tashi sai su komo gida tare, a sake wata makarantar. Ta kama hannunsa ta duba.

“Kaka, farcenka duk datti. Malam ya ce nan ciwo shika ɓoyewa.”

“To, uwargida, tun da anka aura mini likita, ai na huta.”

Ta sa ya samo wa randa murfi saboda ƙuda. Ta shuka wake a gwangwani, kullum sai ta auna tsawonsa da tsinke. Ta kawo masa wani abu na yumɓu mai ƙafa uku da kunne ɗaya ta ce jakinsa ne na fatauci. Ta share ƙasa ta zana masa harafin farko na sunansa, ta ce shi ne mai ƙugiya a ka, wai don masu sunan duk rigimammu ne. Ya yi dariya har da tari. Rabonsa da irin wannan dariya tun ɗansa Malami na da rai.

Malamin ajin, Malam Shaihu, saurayi ne ɗan Tambuwal, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Shi ma baƙo ne a garin, dattawa na amsa gaisuwarsa da ƙyar saboda suna ganin ya zo raba su da 'ya'yansu. Ran nan da aka fita tara, ya zagayo bayan ajin ya durƙusa.

“Baba, kullum ina ganinka nan. Lafiya dai?”

“Inuwa nika sha, Malam. In na tsare muku wani abu, in tashi.”

“Haba Baba. In kana so ma a shigo maka da buzun ciki.”

“A'a. Gemu da aji ɗaya? Bar ni nan.”

Daga ranar, in an fita tara, Malam Shaihu kan zo ya zauna kusa da shi. Ba su cika magana ba. Tsoho ya ɓara goro ya miƙa masa, su zauna suna jin ihun yara har a buga ƙarfe.

Akwai abin da Ɗangiwa bai gaya wa kowa ba. Tun kafin a buɗe makarantar yake ganin kamar hayaƙi a idonsa, kullum kuma ƙara kauri yake. Tufka ba ta bukatar ido, hanyar masallaci da ta makaranta kuwa ƙafarsa ta san su, don haka ya rufa wa kansa asiri har Madina ta shiga aji biyu.

Ranar bikin samun mulkin kai asirin ya tonu. An tara 'yan makaranta a fili, an yi musu jawabi, an raba wa kowa 'yar tuta a jikin tsinke. Ɗangiwa bai je ba saboda cunkoso. Madina ta shigo gida a guje, ta tsaya daga gefe tana kaɗa tata ba ta ce komai ba, tana jira ya yaba. Shi kuwa ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda ya ji ƙarar gudunta, yana murmushi ga wurin da babu kowa.

Ta sauke tutar a hankali. Ta matso gabansa ta ɗaga yatsu biyu, yadda Malam ke yi musu a lissafi.

“Kaka, nawa ne wanga?”

Ya ƙura ido. Inuwa kawai yake gani tana motsi.

“Fuɗu,” ya ce.

Ba ta gyara masa ba. Ta zauna ta jingina da kafaɗarsa, suka daɗe a haka.

Kafin a gama girbi yanar ta rufe idon duka. Madina ta daina zuwa makaranta ba tare da kowa ya ce ta daina ba. Ita ke riƙe masa sanda zuwa masallaci, ita ke kai shi kasuwa ta zauna gefensa tana kiran masu sayen igiya. Na'iya ya ce, “Ka ga ikon Allah, Ɗangiwa. Ya karɓe ido ya bar ma jagora. Boko dai an taɓa, ya isa.” Mutanen gari duk haka suka ce. Shi kansa tsohon, a ransa, bai taɓa jin daɗin zama irin na waɗannan kwanaki ba, don daga safe har yamma tana kusa da shi.

Malam Shaihu ya zo gida ya gaishe shi, ya yi masa jaje. Da zai tafi ya ce, “Gurbinta na nan, Baba, ba a ba kowa ba.”

Abin da ya hana Ɗangiwa sakat shi ne abin da kunnensa ke jiyo masa. In azahar ta yi, 'yan makaranta na wucewa ta ƙofar gida, sai ya ji Madina ta fita da sauri ta tare su. “Mi anka koya muku yau?” Su ce an fara lissafin sau, ko an koya musu sunayen watanni, ko an kai su lambu an dasa albasa. Ta dawo ta zauna bayan ɗaki tana maimaita tsohon karatunta ita kaɗai, ta yi tambaya da muryar Malam, ta amsa da tata. Sai ya riƙa tuna 'yan jagorar da ya sha gani a kasuwanni zamanin fatauci, yaran da suka girma da sandar wani a hannu, ranar da mai sandar ya mutu su tsaya tsakar kasuwa ba su san inda za su nufa ba.

Ya ce ta koma makaranta, ta koma. Amma kafin hantsi sai ga ta, wai ta tuna ba ta ajiye masa buta kusa ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya gane muddin yana garin, ita ma tana tsakar gida, ba za ta zauna a aji ba.

Ya kira Na'iya ya ce in ya je kasuwar Tambuwal ya nemi gidan Ni'imatu, ya ce mata shi Ɗangiwa ya sallama mata 'yarta, da sharaɗin a sa ta makarantar can. Na'iya ya yi ta ba shi baki, ya ƙi ji. Amsa ta dawo cewa mijin Ni'imatu ya yarda.

Ranar tafiya Madina ta riƙe ƙyauren ɗaki ta ce ba inda za ta.

“Wa zai kai ka masallaci? Wa zai gaya ma in akwai rame?”

“Kahin a haife ki wa ka gaya min?” Ya ɗaure fuska, ya sa wa muryarsa kaushin da ba ta taɓa ji ba. “Na gaji da surutunki. Ki tahi wurin uwarki in samu in huta.”

Ta saki ƙyauren. Ya ji Atu na ɗaura mata ƙunshin kayanta, ya ji Na'iya ya ɗora ta a jaki, ya ji kofato na nisa. Ba ta yi masa sallama ba. Ya zauna a inda yake har la'asar, tuwon da Atu ta kawo ya sandare a kwano.

Daga nan ya koyi zaman gidan shi kaɗai. Ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, wata zuwa zaure, yana bi yana shafawa. Wani lokaci ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya tuna babu mai amsawa. Da aka ɗauki sababbin 'yan aji ɗaya, ya lallaba da sandarsa ya koma gindin aduwa. Aka faro daga farko, ba, bi, bo, da ƙwallayen tsamiya, da toka da buta. Duk ya san su yanzu. In Malam ya yi tambaya yaran suka yi shiru, sai ya ba da amsa a hankali, shi da itacen.

Da kaka ta zagayo ya matsa wa Na'iya sai ya tafi da shi Tambuwal. Suka kwana a hanya, suka shiga gari da hantsi. Makarantar can babba ce, hayaniyarta kamar kasuwa. Na'iya ya zaunar da shi a bakin shinge ya aika a kira ta da aka fita tara.

Ya ji an durƙusa a gabansa.

“Ina kwana, Kaka. Kun zo lafiya?”

Muryar tata ce, amma ta nutsu, babu tsalle a cikinta. Ya miƙa hannu ya shafa kanta, ya ji ɗankwali mai guga. Ya so ya ce uwargida, kalmar ta ƙi fita.

“Mi aka koya muku yanzu?”

Ta ce sun fara Turanci, ta faɗa masa yadda ake cewa ƙofa da taga da ruwa. Ya gwada maimaitawa, harshensa ya sarƙe, ta yi 'yar dariya ta kama bakinta. Sa'an nan ta rage murya.

“Kaka, da gaske surutuna ya ishe ka?”

“Ƙarya niy yi, Madina. Tsoho ma na ƙarya.”

Ya ji ta ja hanci. Ta ce, “To wa ka riƙe ma sanda?”

“Yara sun yi yawa, har faɗa suka yi a kaina.”

Aka buga ƙararrawa. Wasu 'yan mata suka yi ta kiran sunanta daga nesa. Ta kama hannunsa ta riƙe, ba ta tashi ba, sai da ya zare hannun da kansa ya ce ta yi sauri kada a doke ta. Ya bi ƙarar gudunta da kunne har ta gauraya da ta sauran, ya kasa rabewa.

Bai sake zuwa Tambuwal ba. Ita takan zo da hutu ta share masa gida, ta yanke masa farce, ta koma. Shekarar da aka zaɓe ta zuwa makarantar 'yan mata a Sakkwato, labarin ya iso Kebbe bayan an binne Ɗangiwa da 'yan kwanaki. Malam Shaihu ne ya fara ji. Ya fito daga aji ya tsaya yana tunanin wanda zai gaya wa, daga baya ya taka zuwa gidan Na'iya, ya yi sallama, ya gaya wa Atu ta bayan darni.